Sallahun Baba Anton

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Da an idar da sallar Juma'a a falon Alhaji Isiyaku, kafin in kai ga takalmana wani ya riƙe min hannun riga: "Lawal, wai da gaske keken mata ka hau ka zaga Turai?" Da gaske ne, keken mata ne, har da kwando a gaba. Amma ban zaga Turai ba, kwana biyar kawai na yi a kansa, kuma abin da ya kai ni ba na dariya ba ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da gefen da ya yi masa daɗi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Waɗanda suka zo nan Greensboro ta Amurka bana ba su san Baba Anton ba. Maƙwabcinmu ne a Glenwood, 'yar waya ce kawai tsakanin gidansa da wanda muke haya. Mutumin arewacin Sifen ne, daga wani ƙauyen masunta a bakin teku. Ya yi shekara talatin da wani abu a masaƙa, ƙurar auduga ta cinye masa huhu. Bai taɓa aure ba. Da ya bar aiki sai ya mayar da garejinsa wurin gyaran keke, ɗaliban unguwa duk can suke kai nasu. Ranar da naƙuda ta kama matata Hajara, ƙanƙara ta rufe titi, ba bas ba tasi, shi ya fito da tsohuwar a-kori-kurarsa, yana tari yana tuƙi, ya kai mu asibiti. Tun ranar Hajara ta sa masa Baba. In ta yi tuwo sai an kai masa nasa, ko da yake miyar kuka bai taɓa iya ta ba.

Bara, shekarar da soja suka sake karɓar mulki a gida Najeriya, da hutun semesta ya matso, jikinsa ya riga ya yi nauyi. Da tukunyar iska yake yawo, da 'yar roba a hanci. Wata Asabar ya kira ni gareji, ya yaye wani tsohon bargo, sai ga keke sabo fil, baƙi, marar sanda a tsakiya, da babban kwando. Da hannunsa ya harhaɗa shi, wata takwas yana yi, don ba ya iya tsayuwar minti goma.

Ya ce, "Lawal, ka san ni ɓarawo ne?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce da ubansu ya mutu a teku, abin da ya bari keke ne guda. Yayarsa Karme ce ke hawansa, ta ɗauko kifi daga bakin ruwa ta kai ƙauyukan kan tudu ta sayar, da shi ake ci, su biyu da uwarsu. Lokacin yunwa ce, ba a daɗe da gama yaƙi a ƙasarsu ba. Shi yana ɗan shekara goma sha tara. Wata asuba ya ɗauke keken, wani masunci ya tsallakar da shi kogi zuwa Fotugal, ya bi bakin teku har birnin Porto, ya sayar da keken ya shiga jirgin ruwa. Shekara arba'in da huɗu ke nan. Ya rubuta mata wasiƙa sau bakwai. Ko ɗaya ba ta amsa ba, amma ba a dawo masa da ko ɗaya ba, don haka yana kyautata zaton tana raye.

"Takarda ta gaza," in ji shi. "Ka mayar mata da kekenta. Ba a cikin mota ba. Ta hanyar da ya fita nake so ya koma, a kan tayarsa. Ka ce mata ina neman gafararta. Abin da ta ce, ko zagi ne, ka kawo min in ji."

Sai ya nuna min sandar sirdi, inda ya zagaya da jan fenti siriri. "Kai raƙumi ne, dole ka ɗaga sirdin. In ka isa, kafin ka ba ta, ka sauke shi daidai wannan layi. Nan ne tsawonta."

Na ce, "Haba Baba, bayan shekara arba'in da huɗu?"

Ya ce, "Ni nake ɗaure mata sirdi."

Ya ba ni tikitin jirgi, da sifana, da kayan faci, da taswirar da ya zana da kansa a bayan takardar kanti. Hanyar da ya zana tsohuwar hanyar ziyara ce, wadda mutanensu ke bi a ƙasa zuwa kabarin wani waliyyinsu a birnin Santiago. Ƙauyensu yana kan hanyar.

Da Alhaji Isiyaku ya ji, ya kira ni gidansa na Summerfield, ya zaunar da ni. Ya ce, "Malam Lawal, ba ka sauke farali ba, za ka fara da hanyar ziyarar Nasara?"

Na ce, "Alhaji, ba ziyara zan je ba. Sallahu aka ba ni."

Na ba shi labarin kakana, wanda ya tashi daga Malumfashi ya je Makka a ƙasa, ya yi shekara shida kafin ya dawo. A gidanmu ba hajinsa aka fi ba da labari ba. An fi ba da labarin yadda ya saki hanya kwana tara a Sudan, don wata tsohuwa ta ba shi daddawa ya kai wa ɗanta. Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce, "To, maƙwabci yana da haƙƙi. Ka je. Amma ka yi sauri, na ga idon mutumin nan ran nan."

Saurin bai yiwu yadda muke so ba. Biza biyu ake nema, ta Fotugal da ta Sifen, kuma sai da koren fasfona ya yi mako uku a Washington kafin ya dawo. Na bi gidajenku ina neman yafiya kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi, wasunku na ƙunshe dariya. Na gani, na yafe.

Daga nan zuwa New York, daga can zuwa Lisbon, sannan jirgin ƙasa zuwa Porto, keken yana cikin kwali. A ƙofar tashar jirgin na zazzage shi na fara haɗawa. Kafin in ɗaura tayar gaba, tsofaffi wajen goma sun kewaye ni, kowa da 'yar baƙar hula, hannu a baya. Da na gama na miƙe ina jin kaina, sai ɗaya ya matso, ya karɓi sifanar daga hannuna ba ko sallama, ya kwance kan keken ya juya shi. Ashe a baibai na ɗaura. Ya mayar min da sifana, ya dubi kwandon, ya dubi tsawona, ya girgiza kai. 'Yan kallon makaniki iri ɗaya ne duk duniya, na Porto ba su da bambanci da na bakin tashar Funtuwa.

Kwana na farko taswira ta ci amanata. Inda Baba Anton ya zana daji da rijiya, na tarar da masana'antar gwangwani da gidaje masu hawa biyar. Na yi ta dawurwura har azahar. Daga baya na naɗe takardar na riƙe abu guda da ya gaya min: teku a hannun hagu, kada ka yarda ya ɓace maka. Titunan ƙauyukansu da dutse aka jera su, ƙanana ƙanana, keke na tafiya haƙoranka na haɗuwa. Da rana ta karkata kuma wata iska ke tasowa daga arewa ta tsaya maka a ƙirji, ka yi ta taka feda kamar wanda ake ja ta baya. Wallahi da yamma da ƙyar na iya sujada.

Abin da ya tsayar da ni a ranar, matan bakin ruwa ne. Duk cikin baƙaƙen kaya, ba takalmi, kowace da faifan kifi a kai, har da gammo. Ban san Bature ya san gammo ba. Na tsaya ina kallonsu suna hawa tudu, wuya a miƙe, hannu ɗaya a ƙugu, sak matan da ke ɗauko itace a garinmu. A nan ne na fara gane abin da Baba Anton ya sace. Ai da keken ya tafi, kifin bai daina bukatar hawa tudu ba.

Na kwana a gidan wata gwauruwa mai ba baƙi hayar ɗaki. Ba ta jin Turanci, ba na jin nata. Ta kawo min miyar ganye mai zafi, ƙamshi kamar me, da wani jan nama yana yawo a sama. Na nuna shi da cokali ina tambaya da ido. Baiwar Allah ta washe baki, ta tura hanci sama da yatsa, ta yi gurnani. To, ba sauran tambaya. Na ture kwanon a hankali, fuskarta ta canza, ta ɗauka raini ne. Sai da na fito da dardumata na nuna mata, na ɗaga hannu kamar mai kabbara, sannan ta ce "Aaa," ta kwashe. Ta dawo da busasshen kifi mai gishiri da dankali. Daga ranar duk inda na sauka shi nake nema, har gishiri ya tsattsaga min leɓe.

Kwana na biyu taya ta yi faci sau biyu, na kuma haɗu da mai ziyara na farko. Ba su da yawa a hanyar, duk tafiyata biyar na gani. Na sauka kan yashi na yi alwala da ruwan teku, na tayar da la'asar. Da na sallame sai na ga mutum tsaye kusa da keken, da sanda, da ɓawon kumba rataye a wuya, wanda shi ne alamar masu ziyararsu. Sai ya ce, "Salamu alaikum." Ashe gadi yake yi min. Da guntun Turancinsa ya gaya min ya yi soja a Afirka, a ƙasar Gini, cikin Fulani, can ya koyi cewa ba a gifta gaban mai salla. Na tambaye shi me ya fito da shi a ƙasa, ga motoci. Ya dubi tafin hannuwansa, ya ce akwai abin da suka yi a can wanda ya hana shi barci shekara goma sha biyu. Ban ƙara tambaya ba. Muka raba burodinsa da kilishina. Da za mu rabu na gaya masa nawa saƙon. Ya ce, "Kai ka yi sa'a. Wadda za ka roƙa tana da ƙofa."

Rana ta uku da hantsi na iso bakin kogin da ya raba ƙasashen biyu. Ga Sifen can a tsallake, ina ganin shanyar mutane. A taswira Baba Anton ya zana ɗan kwalekwale, ya rubuta: rabin awa. Na samu masunci, ya yarda. Har mun ɗora keken sai ga ɗan sandan iyaka. Ya karɓi fasfona, ya juya shi, ya nuna min da hannu cewa nan babu hatimi, baƙo sai ya bi kogi sama har inda gada take. Baba Anton ya manta shi da sata ya tsallaka. Da ɗan sandan ya juya baya masuncin ya ƙyafta min ido, ya nuna min wani lungu cikin ciyawa, wai in same shi can anjima. Na tsaya ina tunani. Na tuna ina da mata da 'ya a wata ƙasa, da takardar karatu da ba a wasa da ita. Na sauke kekena na kama hanyar gada. Ruwan sama ya tare ni a tsakiya, na kwana a wani ƙauye.

Washegari a gadar aka riƙe ni awa biyu. Bizata lafiya lau, keken ne ya ɗaure musu kai: me baƙar fata mai karatu a Amurka yake yi da sabon keken mata? Suka zazzage jakata. Babbansu ya ci karo da ƙullin yajin da Hajara ta sa min, ya kwance, ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Ya yi atishawa ta fi goma, hawaye shaɓe-shaɓe, yaransa suna riƙe ciki. Da ya dawo hayyacinsa ya buga hatimi ya kore ni da hannu.

A garin da ke tsallaken gada na shiga ofishin waya da yamma. Wata mata ta haɗa layin ta nuna min akwatin waya na uku. Hajara ta ɗauka. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta ce 'yarmu Amina lafiya, har ta fara iya cewa "bye-bye". Na ce, "Ya jikin Baba?"

Ta ce, "Jikin dai ya yi tsanani, Malam. Su Alhaji suna gidan tun safe."

Kun san abin da wannan ke nufi. A wurinmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa, balle wanda ke kan hanya. A ce maka jiki ya yi tsanani, a ce manya sun taru, kai ka ƙarasa da kanka. Alhaji ba zai bar ofis ranar aiki ya zauna gidan mara lafiya tun safe ba.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

Ta fashe da kuka. "Jiya da la'asar. Har ya tambaya ko ka bugo."

Jiya da la'asar ɗinsu, wato da dare a inda nake. Da na bi masuncin nan, da azahar ina ƙofar Karme, da na samu waya kafin rana ta faɗi, da ya ji da kunnensa. Na san kwana ne ya ƙare, na san ba kwalekwale ke riƙe rai ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau abin yana ci min zuciya.

Da safe na ci gaba. Mai saƙo ya rasu, saƙon bai rasu ba. Na gangara kogin ta ɗaya gefen har na sake samun teku a hagu. A hanya na tsara yadda zan gaya mata, kuma ban yi dogon tunani ba, don hanya ɗaya na sani. Zan gaishe ta, in zauna, in sha ruwa. In ce ba shi da lafiya. In ce jikin ya yi tsanani. Ita za ta ce, ya cika ko? Ni kuma in sunkuyar da kai in ce sai haƙuri. Haka na ga ana yi tun ina yaro, haka aka yi min jiya.

Ƙauyen gidajen dutse ne kamar arba'in, a maƙale tsakanin tudu da teku. Na tsaya bakin wani shago na ce "Karme", na faɗi sunan ubansu. Wani dattijo mai faɗin ƙirji ya taso ya tambaye ni da Turanci daga ina. Na ce Najeriya. Ya buga cinya: "Apapa! Sau shida!" Sunansa Ramon, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Shi ya yi min jagora, shi ya zama bakina.

Muka same ta a bayan gida tana noman kabeji. Gajeriya ce, cikin baƙaƙen kaya, wuyanta ya karkace gefe guda, sai ta juya duk jikinta kafin ta dube ka. Ni ba ta ma dube ni ba. Keken ta duba, ta daɗe tana dubansa. Ramon ya gaya mata daga wurin wa. Ta jingine fartanyar ta ce mu shiga.

Na gaishe ta, na sha ruwa. Na faɗi saƙon yadda aka ba ni. Sannan na taka matakin farko, na ce ba shi da lafiya.

Ramon ya fassara. Ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba, shi kuma yana mayar min. "Shekara talatin da ɗaya na ɗauki kifi a kaina. Ka ga wuyana. Uwarmu ta mutu tana kallon ƙofar nan. Yanzu ya aiko min baƙo da ƙarfe? In ya warke ya zo da ƙafarsa ya tsaya nan."

Na taka na biyu. Na ce jikin ya yi tsanani ƙwarai, ba zai iya tasowa ba, likitoci sun yi iya yinsu. Na sunkuyar da kai ina jira.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ta gane. Na kasa kunne ina jiran kuka.

Ba kuka na ji ba, jan akwati na ji. Ta fito da tsohon akwatin kwali ta ɗora kan tebur, da gwangwanin biskit. Ta buɗe gwangwanin: wasiƙu bakwai, duk a buɗe, sun yi laushi don taɓawa. Ta sa su a akwatin. Ta fara jero wa Ramon tambayoyi, shi kuma yana juyo min da su yana murmushi. Ina ake yin fasfo? Kwana nawa jirgi ke yi? Can akwai sanyi? "Ta ce tunda shi ba zai iya zuwa ba, ita za ta je. Ta ce abin da za ta gaya masa ba na aike ba ne." Ta hura wuta ta ɗora kifi. Ta tambaya ko har yanzu yana tsince albasa daga abinci. Na ce yana yi. Ta yi dariya, har ta dafa bango. Ramon ya raɗa min cewa shekara ashirin suna maƙwabtaka bai taɓa jin dariyarta ba.

Jama'a, ban taɓa jin kunya da tsoro irin na wannan rana ba. Na zo in sauke mata abu a hankali, sai na ɗaga ta sama da hannuna. Tana ninke riguna, ina zaune da kifi a gabana. Na ja Ramon waje na gaya masa.

Fuskarsa ta yi ja. "Shekaranjiya? Kana sane ka bar ta tana haɗa kaya?"

Na ce, "Haka muke yi a wurinmu. Ba a faɗa kai tsaye. Mutum shi ke ganewa."

Ya ce, "Nan ba wurinku ba ne. Nan in teku ya ci mutum, a bakin ƙofa ake faɗa, a tsaye." Ya share fuska da hularsa. "Kai za ka gaya mata. Ka dube ta a ido. Ni baki ne kawai."

Muka koma. Na tsaya a gabanta, na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na ce, "Mama, ƙanenki Anton ya mutu shekaranjiya. Na sani tun jiya. Ban iya faɗa ba ne."

Rigar da ke hannunta ta ƙarasa ninke ta, ta sa a akwati, ta rufe. Ta zauna a kan kujera. Ba ta yi kuka ba. Kifi yana ta ƙonewa a wuta. Sannan ta yi magana ɗaya. Ramon ya daɗe kafin ya juya min ita.

"Ta ce sau biyu ke nan yana tafiya bai yi mata sallama ba. Ta ce ka ɗauki kekenka ka tafi."

Na fita. Na ɓata saƙon mutum, ga shi ba ya nan balle in koma in ba shi haƙuri. Na kama kan keken da hannu ɗaya, ɗayan na dafa sirdi zan juya shi, sai idona ya faɗa kan jan layin. Ruɗewa ta sa na manta da shi sam. Na ce ko ba ta karɓa ba, wannan dai an ce in yi. Na durƙusa a ƙofar gidan, na fito da sifana, na kwance, na sauke sirdin har fentin ya haɗu da bakin ƙarfe, na ɗaure.

Da na ɗago tana tsaye a bakin ƙofa. Ta tambayi Ramon me nake yi. Na ce ya gaya mata: shi ya ja layin nan da hannunsa, ya ce nan ne tsawonta, ya ce shi yake ɗaure mata sirdi.

Ta matso. Ta sa babban yatsa ta shafa fentin. Ta tattare baƙin siket ɗinta, ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta tsallaka, Ramon na riƙe da kan keken. Ta zauna. Yatsun ƙafarta biyu suka taɓa ƙasa daidai, ba lanƙwasa ba miƙewa.

A nan ne ta yi kukan. Ta kifa goshi a kan kwandon tana kiran sunansa, ba Anton ba, wani ɗan guntun suna na yara. Ramon ya juya baya yana kallon teku. Ni ma ban riƙe nawa hawayen ba.

Da ta lafa, na ce wa Ramon akwai sauran abu guda. Mu sai mun ji da kunne, kuma an ce in kawo amsa. Na ce, "Mama, kin yafe masa?"

Ta ce, "Tun ranar da wasiƙa ta farko ta zo. So nake ya zo ya tambaya." Ta goge ido da bakin gyale. "Ka ce masa na yafe."

Nawa laifin kuwa na roƙe ta a kansa. Ta dai cusa min burodi da soyayyen kifi a jaka, ta raka ni har inda bas ke tsayawa, tana tura kekenta. Santiago ban je ba, ba can aka aike ni ba.

To, wannan shi ne labarin keken mata. Mai sauran dariya ya yi abarsa.

Kwana biyu da dawowata Alhaji Isiyaku ya zo ya ɗauke ni a motarsa zuwa maƙabarta. Na riga na ji cewa ranar da aka binne Baba Anton, ban da limamin cocinsu da wasu tsofaffi biyu daga masaƙa, mutanenmu ne kaɗai suka raka shi, kuma Alhaji ne ya tsaya a kan komai. Shi bai gaya min ba, Hajara ce ta faɗa. Ya nuna min wurin, jar ƙasa ko ciyawa ba ta fito ba, ya ja baya ya tsaya.

Na san ba a yi wa kabari rahoto. Amma mutumin ya ce abin da ta ce in kawo masa. Na durƙusa na ce, "Baba Anton, Lawal ne. Na isar. Ta karɓa, ta ce ta yafe. Layin nan kuma daidai yake."